Zinariya da Gaisuwar Dutse

Duk Aujara ana cewa an naɗa taubashiyata Zinariya sarauniyar intanet a Dutse, har da rawani. Ƙarya ne, ni na fara yaɗa shi.

Gaskiyar ita ce, taron mata masu rubutu a intanet ta je. Zinariya tela ce, amma ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya, kuma kullum tana rubuta girke-girken kakarmu a intanet. Burinta ta ga wata Hajiya Safina daga Kano, mai buga rubutun mata a shafinta.

Da aka tashi shan iska, kowa na karɓar lambar waya, ita kuwa ta fara gaisuwa tun daga bakin ƙofa. Wai ba a tsallake manya! Ta durƙusa nan, ta durƙusa can, ya gida, ya yara, ya damina, idonta na kan Hajiya. Kafin ta gama da layin farko, motar Hajiya ta kusa Wudil.

Da ta dawo na ce, "Ranki ya daɗe, ina rawanin?"

Ta harare ni. "Kai bawana, matan taron nan duk sun san sunana. Kai ko akuyar gidanku ba ta amsa maka."