Matar da Ta Gyara Tambaya ta Huɗu

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar ta riga kowa zuwa, da gorar shayinta a hannu da fensir soke a gashi. Shekara talatin da ɗaya ke nan Yaya Kuang Shulan tana aikin jinya a ƙaramin asibitinmu na unguwa a Nanchang, kuma a watan nan take ajiye aiki. Ni likita ne, amma ita ta koya mini yin tambaya.

Shekara shida da suka wuce muka fassara wata takardar tambayoyi zuwa Sinanci, don ta tsamo masu kumburin gaɓɓai tun ciwon yana ɗanye. Ciwo ne da in aka yi sake, yatsu su karkace, kuma ba sa komawa. Aikinmu mu gwada takardar a kan mutum ɗari huɗu, mu ga ko amsarsu ta yi daidai da binciken likita. Tambaya ta huɗu ni na rubuta ta, kuma ina ji da ita: "Shin kana fuskantar sandarewar mahaɗan ƙashi da safe?"

Ran nan Inna Tao, mai sana'ar jan taliya da hannu a bakin kasuwa, ta amsa a'a. Yaya Kuang kuwa ta ga da dunƙulen hannu Innar ta riƙe fensirin.

"Inna, wa ke matse miki tawul in kin wanke fuska?"

"Tsohon nan mana, maigidana. Amfaninsa ke nan."

"To me ya sa kika ce a'a?"

"Ke 'yar nan, sandarewa ai sai gawa! Ni tsami hannun ke yi. Sanyi ne kawai."

Ta shigo ofishina ta dire takardar. "Likita Mo, tambayar nan taka furofesoshi ka rubuta wa. Su kuwa lafiyarsu ƙalau."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce aiki ya yi nisa. Ta ce in ba ta mako biyu. Ta zauna da mutum sittin ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowa abin da ya fahimta, sai ga shi fiye da rabi ba su gane ni ba. Ta dawo da tata tambayar: "In ka tashi da safe, kana iya matse tawul ko riƙe tsinken cin abinci, ko sai rana ta ɗaga?" Dole muka sake gwajin daga farko, kuma a karon nan takardar ta kama masu ciwon da a da suke zille mata. Inna Tao na cikin waɗanda ta kama, kuma a makon ta fara shan magani.

Yaya Kuang, ke ce kunnen asibitin nan. Da aka buga rahoton aikin, sunanki na can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, kuma har yau abin yana ba ni kunya. Mun gode. Ku masu tasowa, kafin ku duba amsar mara lafiya, ku dubi hannun da ya rubuta ta.

Jiya muka yi mata walimar sallama. Inna Tao ta zo da kwaɓinta, ta ja taliya a gabanmu da yatsu goma miƙaƙƙu, ta ajiye wa Yaya Kuang kwanon farko.

"Ci, 'yar nan. Amma kin cuci tsohona, kin raba shi da aikinsa."