Jan Zare a Jikin Gora

Ni ne mai laifi. Na daɗe ina cewa kwanan Baba ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma hakan bai wanke hannuna ba.

Ranar da likita ya ce ƙodar Baba ta gaza, autarmu ce ta raka shi Gumel, ni ina Maigatari wurin lodin awaki. Ta dawo da gorar roba, ta ɗaura mata jan zare a tsakiya. Ta ce iya nan zai sha daga safiya zuwa safiya. Ban da kanwa, ban da lemon kwalba da jiƙe-jiƙe, nono ma sai kaɗan.

Lokacin bazara ne. Na ga leɓen Baba ya tsage.

Na ce, "Auta, maƙiyi ma ba a hana shi ruwa, balle uba."

Ta ce, "Yaya, jikinsa ba ya iya fitar da shi."

"Sannu likitar gida."

Tun kakanninmu, idan jiki ya yi nauyi kunun kanwa ake damawa, a ce yana wanke ciki. Ranar kasuwa na sayo kanwa mai kyau wurin mutanen Nijar. Kullum idan Auta ta tafi ɗebo ruwa, sai in shigo da kwano cike. Baba ya shanye, ya goge gemu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Wannan albarkar ce har yau nake ji idan na kai kofi baki.

Kafin kasuwa ta zagayo ƙafafunsa sun ƙi shiga takalmi. Numfashi ya gagare shi sai a zaune. A asibiti aka tambayi wanda ke ba shi abin sha. Auta ta ɗaga gorar.

"Wallahi ban wuce zaren ba."

Ina tsaye a bayanta. Ban ce uffan ba. Bai sake dawowa gida da ƙafarsa ba.

Gorar tana nan rataye a ƙusa a ɗakinsa. Damina uku na kasa cire ta, na kasa kallonta.

Bara bayan girbi na je wurin Auta a Gagarawa, inda take aure. Ta kawo mini ruwa a kwanon sha, ta zauna a bakin tabarma. Muna cikin hirar gero sai ta ce, "Yaya, har yanzu ina tunani. Ko zaren ne ya zame sama ban lura ba?"

Ashe duk shekarun nan kayana take ɗauke da su.

Na ajiye ruwan ban sha ba.

Na ce, "Zarenki bai motsa ba, Auta. Ni nake ba shi kunun kanwa a bayan idonki, kuma na yi shiru na bar ki da zargin kanki. Na cuce shi, na cuce ki. Don Allah ki yafe mini."