Ranar da Na Yi Gudun Gaske

A Yelwa dattijo ba ya gudu. In ka ga mai furfura ya kwasa a guje, to ko gobara ce, ko jirgin ruwa ya kife, ko wani ya yanke jiki ya faɗi. Kowa ya san haka, ni ma na sani. Shi ya sa da likita ya ce jinina ya hau, in rage zama in riƙa motsa jiki, na daɗe ina juya maganar a raina. Na haura hamsin lokacin, na bar koyarwa, mai ɗakina ta rasu, yara sun watse birane. Gidan ya yi mini faɗi. Wata safiya bayan sallar asuba dai na ɗaure takalmi na fita.

Ban kai kasuwa ba wani ɗan kabu-kabu ya ci birki a gabana. "Baba, lahiya? Mi ya faru? Hau in kai ka!" Na ce masa lafiya lau, motsa jiki nake yi. Ya dube ni sama da ƙasa ya tafi yana waiwaye. Da na gangara bakin ruwa kuwa, masunta masu gyaran koma suka miƙe tsaye suna leƙen ruwa, suna tambayata jirgin wa ya kife.

Wallahi abin ya riƙa ƙona mini rai. Kana tattalin numfashinka, kowane lungu sai an tare ka da jaje. Har faɗa na yi da wani, na ce, "Kai, ka taɓa ganin mai gudun gobara yana duba agogo?" Na yi ta korarsu, ɗaya bayan ɗaya, ba na ko sassautawa, sai dai in ɗaga hannu in ce su wuce.

Mutum ɗaya ne nake tsaya wa, taubashina, ɗan kawuna. Tare muka tashi, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Yana da gonar shinkafa a fadama, ta hanyar da ta nufi Ngaski, kuma kullum kafin in iso yana can. Da ya hango ni sai ya dafa fartanya ya kwashe da dariya.

"Ga bawana nan! Wa ya biyo ka yau? Ko wata bazawara ce ta ce sai ka rage tumbi?"

"Bawa dai kai ne. Ka sha maganinka?"

"Maganina hura da nono. Je ka, tsoho da gajeren wando, ka kunyata mu!"

Jininsa ya fi nawa hawa, likita ɗaya muke gani. Amma ba ya shan magani sai kansa ya sara. Na roƙe shi, na zage shi, na ce ko tafiya ce ya riƙa bina. Ya ce shi da surukai a gari ba zai zama abin kallo ba. Ina jin tsoro ƙwarai, don in ban da wannan tsiyar ta safe, sai in wuni ban yi magana da kowa ba.

A hankali ƙafa ta saba. Na shiga mota na je Abuja tserena na titi na farko, na ga waɗanda suka girme ni suna wuce ni kamar ina tsaye, na dawo da ƙwarin gwiwa. Gari ma ya saba. 'Yan kabu-kabu suka daina tsayawa, sai dai su danna hon su ce, "Baba mai gudu, a yi ta fama!" Masunta ko ɗaga kai ba sa yi. Na ji daɗi sosai, na ce a raina na koya wa garin nan hankali.

Da kaka, ina shirin wani tsere mai nisa, na iso fadama wata safiya ban ji dariya ba. Ga fartanya a yashe. Na same shi kwance a gefen shinkafa, baki ya karkace, ido a buɗe yana kallona. Na kira shi, na girgiza shi, ba magana. Ba na fita gudu da waya, tasa kuma na laluba aljihunsa ban same ta ba. Na gwada ɗaga shi na kasa. Na kare masa fuska da malafarsa, na ce, "Ina zuwa," na kwasa zuwa titi.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Da na hau kwalta ga ɗan kabu-kabu tafe babu kowa a bayansa. Na ɗaga hannu biyu ina gudu ina kiransa, muryar ta ƙi fita don haki. Ya danna hon, ya jinjina mini, "Baba, ka fi matasa!" Ya wuce. Na biyu ma haka, har wanda ya goyo yana tafa mini. Innalillahi. Ina gudu ina kuka, suna yi mini kirari. Sai da na daina gudun, na durƙusa a tsakiyar kwalta, sannan wani ya tsaya.

Taubashina ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi. A asibiti na ji ana cewa irin wannan ciwon ba ya son jinkiri. Ban tambayi ko jinkirin nan na kan titi ne ya jawo ba, har yau kuma ban tambaya ba.

Tseren na je. Na gama a cikin dubban mutanen da ba wanda ya san ni, aka rataya mini lambar ƙarfe a wuya, na zauna a bakin titi na ci ayaba ni kaɗai. Da na dawo, da gangan na sa gajeren wandon nan na nufi gidansa. Yana zaune kan tabarma a ƙofar gida, an jingina shi da bango. Na sa masa lambar a hannunsa mai lafiya, na tsaya a gabansa yadda zai ga ƙwaurina da kyau, ina jira ya ce na kunyata su. Ya dubi wandon, ya dube ni, leɓensa ya yi ta motsi. Ba abin da ya fito.

Yanzu na canza hanya, ta ƙofar gidansa nake bi kowace safiya. In na iso sai in sassauta in ce, "Bawa, ka sha maganinka?" Sai in ɗan tsaya, daidai tsawon amsar da ya saba ba ni, sannan in ci gaba da gudu.