Malama Hussainatu da Takardar Inna Asibi

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris na shekarar 1989, a farkon watan Sha'aban, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malama Hussainatu Alassani a gidanta da ke Sabon Zongo, nan Lome, bayan jinyar wata biyu. Ta rasu tana da shekara hamsin da takwas. Labarin ya same ni a aji, alli a hannuna, ina koya wa ɗalibai yadda ake shiga gidan mutane. Na ajiye allin, na sallame su, ban iya gaya musu dalili ba.

Malama, yau kwana goma ke nan. Mutane sun faɗi alherinki, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni Ajaratu, ɗalibarki mai kunnen ƙashi, akwai wanda na sani da ba wanda zai faɗa sai ni, domin laifina ne kika rufe da shi.

Mu goma sha huɗu ne a ajinmu na 1977. Duk mun gama jami'a, muka shigo makarantar koyon aikin kula da jama'a muna jin kanmu, Faransanci a bakinmu kamar a can aka yanke mana cibiya. Aka ɗora mana karatun halayyar ɗan Adam, da dokar iyali, da kiwon lafiyar uwa da jariri, da yadda talauci ke shiga gida. Muka haddace. Ke kuwa aka ba ki darasin da muka raina, wato binciken gida, wanda muke kira anket: yadda ma'aikaci zai je gidan mabuƙaci, ya gane halin da ake ciki, ya rubuta rahoto. Muka ce wannan ai ko ɗan aike zai iya.

Ranar farko ba ki buɗe littafi ba. Kika kwashe mu a ƙafa zuwa unguwar Be, kika shigar da mu gidan wata tsohuwa mai sayar da kifi, kika zauna a ƙasa ita tana kan kujera. Awa guda kuna hira da yaren Mina a kan ciwon gwiwa da tsadar gawayi. Da muka fito kika tambaye mu mutum nawa ke kwana a ɗakin. Ba wanda ya sani. Kika ce bakwai, kin ƙirga tabarmi da takalman da ke bayan ƙofa, kuma ɗaya daga cikinsu ba shi da lafiya, don akwai kwanon da aka ware. Daga ranar muka daina raina ki, muka koma tsoronki.

Kin hana mu fitar da biro a zuwan farko. Kin ce gida sai an je shi sau uku: na farko a gaisa, na biyu a saurara, na uku a rubuta. Kin ce in mutum ya yi shiru, a fita a gaida maƙwabciya. Batun riƙon sirri kuwa, shi kaɗai ne abin da na taɓa ganin kin kori ɗalibi a kansa. Ni kuma kullum abu ɗaya kike gaya mini, kina dubana ta saman tabarau: "Ajaratu, bakinki ya fi kunnenki sauri." Ina jin haushi, wallahi, har in je gida ina kwaikwayon muryarki.

Ba zan manta ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti ana gobe jarrabawa ba. Kika zo da tuwo a kwanon sha, kika kore ni in je in yi karatu, kika yini kina yi mata fifita. Ba ni kaɗai kika yi wa irin wannan ba. Rabin matan Zongo da suka haihu a asibiti a shekarun nan, ke kika tsaya musu a bakin ƙofa kina fassara, kina faɗa da duk wanda ya ɗaga musu murya.

A shekarar nan ce aka ce tsohon Zongo, na tsakiyar gari, zai tashi. Zamanin ba a tambayar dalili. Aka tura mu, ɗalibai, a matsayin horon aiki, mu bi gida-gida mu rubuta wa ke zaune a ina, wa ke da wa. An ba ni gida arba'in da kwana goma. Huɗu daga cikin kwanakin suka tafi a filin wasa, inda ake kwashe mu mu koyi waƙa da rawar jam'iyya. Kika je kika roƙi ƙarin lokaci, aka hana. Kika tara mu kika ce duk gidan da ba mu gama ba mu bar takardarsa fara, ke za ki amsa tambaya. Ni kuwa na so in zama wadda ta cika arba'in cif.

Gida na talatin da bakwai na wani falken goro ne. A ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, na tarar da Inna Asibi, tsohuwa ƙarama, tana ɓare gyaɗa a faranti, butarta ta ƙarfe a gefe. Na gaishe ta a tsaye. Na fitar da biro. Matan gidan suna tsakar gida suna wanki. Na tambayi sunanta, ta faɗa. Miji? Ya rasu tun zamanin Turawa. Sai na ce, "Inna, kina da ɗa?"

Ta ja mayafi, ta juya fuskarta bango.

Na sake tambaya, na ɗaga murya, na ɗauka ba ta ji sosai. Matan suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ɗaya ta ce, "Ke 'yar boko, ba a yi mata wannan tambaya." Na ce a raina, Allah sarki, ba ta taɓa haihuwa ba, na fama mata ciwo. Har tausayinta na ji. A gurbin dangi na rubuta: ba ta da kowa. Na wuce gida na talatin da takwas.

Tana da ɗa, Malama, kin sani. Ɗaya tak, Sulemana, kuma shi ne na fari. Irin matan dā ce da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa nuna shi, ba sa amsa cewa nasu ne a gaban mutane, ko da za a yanka su. Shi ya kama mata ɗakin, shi ke ciyar da ita, a lokacin yana Kumasi wurin sayen goro. Na san ana kunyar ɗan fari, amma sanin da na yi wa Kano, ina jin labari ban taɓa zuwa ba. Mahaifina akawu ne a reluwe, a wajen Zongo na tashi, uwata da sunana take kirana, ni ce kuwa ta fari. Ga maƙwabta har biyar a tsakar gida, taku uku tsakanina da su, ban tambayi ko ɗaya ba.

Na kawo miki takardu arba'in, kika dube ni, kika ce, "Duk sau uku kika je?" Na ce e. Kika sa hannu.

Da ranar tashi ta zo, kowa ta kansa yake yi. Waɗanda aka rubuta ba su da kowa aka ɗauke su a mota dabam, zuwa wani gidan gajiyayyu a bayan gari. Mutanen gidan falke suka ɗauka an yi gaba da ita ne zuwa sabon wuri. Kwana tara ta yi a can, ba ta san kowa ba, ba mai jin Hausa. Ran na goma da hantsi mai gadi ya ga ta fita da butarta, ya zaci alwala za ta yi. Ba a sake ganinta ba. Sulemana ya dawo bayan mako uku, ya tarar da fili, ko rijiyar an cike ta.

Ina ofishinki ranar da ya shigo, hularsa a hannu. Kika ciro kwafin takardar, kika karanta, kika gane rubutuna. Ba ki ko dube ni ba. Kika ce masa, "Malam Sulemana, sa hannuna ne a nan. Ni na ɓatar maka da uwa." Ya faɗa miki maganganun da ba zan rubuta ba, kika tsaya kika shanye. Aka rage miki matsayi a shekarar. A Sabon Zongo akwai matan da suka yi shekara biyu ba sa amsa gaisuwarki. Ni kuwa aka ba ni takardar shaida, na fito ta biyu a aji, aka yi mini guɗa.

Na same ki ina kuka, na ce zan je in gaya masa. Kika ce, "Idan kin gaya masa yau, don ki samu sauƙi ne, ba don shi ba. Za su kore ki, Zongo ta rasa ma'aikaciya mai jin Hausa, tsohuwa kuma tana nan a ɓace. Share hawayenki, ɗauko biro, mu nemo ta." Na yi shiru, kuma gaskiya ba biyayya kaɗai ta sa ni shirun ba, har da tsoro.

Shekara goma sha ɗaya kina nema. Kin rubuta wa sarakunan zongo daga Aneho har Dapango. Duk hutunki a mota ya ƙare: Atakpame, Sokode, Mango, kina bin masallatai da tashoshi da asibitoci. Sau biyu aka kira ki ki duba gawa. Sau ɗaya aka ce ga wata tsohuwa a Kpalime ba ta magana, kika je da Sulemana, kuka tarar ba ita ba ce. Kowace Alhamis yakan zo ofishinki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malama, ko da labari?" Ki ce, "Tukuna." Da farko da fushi yake zuwa. Daga baya ya fara kawo miki goro.

Ni ma ban huta ba, ko da yake ban isa in haɗa kaina da ke ba. Har yau in na shiga kasuwar Hejiranawe na hango tsohuwa da butar ƙarfe, sai na zagaya na ga fuskarta. Inda tsohon Zongo yake yanzu dogayen benaye ne, amma ƙafata ta san wurin. Ina wucewa da rana tsaka, motoci na hon, in ji ƙarar ɓare gyaɗa a faranti. Sau da yawa a aji, in na tambayi ɗaliba ta sunkuyar da kai, sai in ga mayafin nan yana juyawa bango.

Ranar sadakar bakwai na shiga gidanki, sai ga ki a bakin ƙofar ɗaki. Na sake dubawa. Ashe Hajiya Assana ce, abokiyar tagwaicinki, da ta zo daga Sokode, fuska ɗaya, har duban nan ta saman tabarau. Ta kama hannuna ta ce, "Ke ce Ajaratu? Ta bar miki saƙo." Ambulan ne. A ciki kwafin takardar gida na talatin da bakwai, ta yi ja don tsufa, ga rubutuna na ƙuruciya mai kyau da shi. A ƙasa, da hannunki, kin rubuta: yanzu taki ce.

Sulemana yana waje cikin maza, an ce shi ya shiga kabari ya karɓe ki. Na aika aka kira mini shi zaure. Furfura ta cika masa gemu. Na miƙa masa takardar na ce, "Malam Sulemana, ba Malama ce ta je gidanku ba. Ni ce. Ni na rubuta wannan, kuma na yi mata ƙarya."

Ya daɗe yana kallon takardar, shi da ba ya karanta boko. Na jira zagi. Sai ya ce, "Ashe ke kika zauna da ita. Da kika tambaye ta, me ta ce?"

Na ce, "Ba ta ce komai ba. Ta ja mayafi ta juya fuskarta bango."

Ya ɗora hannu a baki. Hawaye suka bi gemun. Ya ce, "To ai ta ambace ni ke nan."

Na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya naɗe takardar ya mayar mini, ya tambayi inda ofishina yake. Jiya Alhamis, ƙarfe goma, ya tsaya a bakin ƙofata, hularsa a hannu. Na ce masa tukuna. Na riga na rubuta wasiƙa huɗu, Malama, kuma hutun bana Mango za ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Assana, da 'ya'yan marigayiya, Idrisu da Meimuna, da jikokinta, da jama'ar Zongo baki ɗaya, da duk ɗalibin da ya taɓa zama a ƙasa a gidan talaka saboda ita ta koya masa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, baiwarKa Hussainatu ta rufa asirin wadda ba ta cancanta ba, Ka rufa mata nata ranar tonon asiri. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Inna Asibi kuwa, ban san addu'ar da zan yi mata ba, ta masu rai ko ta mamata. Kai Ka san inda ta ajiye butarta. In tana raye, Ka nuna mana hanya tun ɗanta yana da ƙarfin zuwa. In ta riga mu, Ka haɗa ta da Malama, ta daɗe tana nemanta. Amin.