Majami'u Biyun da Na Ƙara wa Foman

Shekara bakwai na yi a masaƙa a Kakuri ina mataki ɗaya, kuma na san wanda ya jawo mini. Fomanmu ne, wani Alhaji da ya yi sakandare, wanda ba ya amsa kira sai an ce masa Oga. Ranar da aka raba takardun ƙarin girma, shi ya cike tawa. A gurbin ilimi ya rubuta cewa ba na karatu, ba na rubutu. Alhali akwai wani ɗan littafi a aljihuna da nake rubuta kowace cuta ta injin saƙa da maganinta, da ajami, yadda na koya a gaban mahaifina. Da na nuna masa a wurin cin abinci, sai ya ɗaga shi sama da yatsu biyu ya ce, "Ku zo ku ga layar Malam! Da wannan za ka zama babban makanike?" Aka kwashe da dariya, har da mai sayar da shinkafa. Na karɓi abina na mayar aljihu.

A farkon shekarun tamanin kamfani ya sayi sababbin injuna daga Italiya, aka ce mutum shida, har da foman, za su je can su koyo su na wata uku. Sau biyu foman yana cire sunana. Baturen injiniyan da ya zo duba wurin kafa injunan ne ya mayar da shi, don ya ga ina gane lalataccen inji da kunne kawai. Kowa ya san abin da ke bayan tafiyar: in an dawo, ɗaya daga cikinmu za a ɗora a kan sabon sashe, da ofis, da gida a Barnawa. Foman ya riga ya ɗauka nasa ne. Har matarsa ta je ta leƙo gidan.

Garin da aka kai mu hawa biyu ne. A ƙasa akwai masana'antu da kantuna da masaukinmu. A sama, kan dutse, tsohon birni ne da ganuwa da ƙofofi. Ya tuna mini Zariya, sai dai ganuwarsu ta dutse ce, ruwa bai ci ta ba.

Cikinmu akwai abokina, mutumin Zonkwa, Katolika, wanda muka yi shekaru muna tafiya aiki tare a kan keke daga Makera. Shi ya ƙudura cewa kowace Lahadi sai ya yi ibada a majami'ar da bai taɓa shiga ba.

"Malam, zo ka raka ni. Ba za su cinye ka ba."

"Kai dai kana neman wanda zai tashe ka in ka yi gyangyaɗi."

Haka muka riƙa hawa. Ni ina zama a dakalin waje da carbina har a tashi, sannan in shiga in kalli gini. Gumakan nakan kau da ido daga gare su, amma aikin magina na kalle shi da kyau. Akwai wadda ginshiƙan ƙofarta suke zaune a bayan zakuna biyu na jan dutse. Cikinta akwai rufin da aka yi wa ruwan zinariya har wuyan mutum ya ƙage da kallo, da kujeru da aka shigar da katako cikin katako, launi-launi, ko farce ba ya samun mahaɗarsu. Gidajen sarautarsu kuwa daga waje babu ado, sai ƙofa mai tsawon raƙumi biyu da zobban ƙarfe na ɗaure doki, in ka leƙa ciki ka ga tsakar gida da rijiya. Nakan ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam hannu. Duk lungun da muka bi ina rubutawa a littafina, don lungunansu kama suke yi. Shi kuwa foman, Lahadinsa a kantunan ƙasa take ƙarewa, yana gwada takalma. Ko sau ɗaya bai hau ba.

Ranar ƙarshe aka ce za a ba mu takardun shaida a wani tsohon gidan sarauta a birnin sama, ƙarfe sha ɗaya na safe. Babban darakta ya zo daga Kaduna takanas, kuma foman ne zai yi jawabin godiya a madadinmu. Injiniya ya gaya masa a gabanmu cewa a nan darakta zai yanke shawara.

Ƙarfe goma saura muka shirya. Foman ya fito da singileti ya dube mu.

"Ku yi gaba. Yaushe babba yake riga yaransa isa wurin taro? Sai an zauna, an fara cigiya, sannan in shigo." Ya nuna ni da haɓa. "Kai, Malam, tsaya ka riƙe mini jaka. Ai ka san gari, tunda kullum kana coci."

Abokina ya dube ni, na dubi ƙasa. Suka tafi.

Sai goma da rabi ya fito, cikin kwat, da sabon takalmi baƙi mai tsinin baki wanda ko sau ɗaya bai taɓa taka ƙasa ba. Akwai wani ɗan tarago da igiyar ƙarfe ke ja daga ƙasa zuwa birnin sama, kafin ka gama Fatiha bakwai ka isa. Da mun bi shi, da ya shiga ɗakin taro da sauran lokaci. Tasharsa tana hannun dama daga masaukinmu. Na yi hagu.

Ina so a sani, ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba a ranar. Ya ce, "Nan hanya ce?" Na ce, "Hanya ce, Oga." Kuma hanya ce: matakalar dutse mai bi ta tsakanin katangun lambuna, doguwa, an shimfiɗe ta da duwatsun rafi masu kan ƙwai. Tun ba mu yi rabi ba na ji numfashinsa ya canza. Ya cire kwat ya ɗora mini a kan jakar. Na karɓa da ladabi. Ina tafe a hankali ina jin ƙarar takalmin nan yana zamewa, kuma wallahi ko sanyin ruwan randa bai kai abin da nake ji a ƙirjina ba.

Muna shiga ƙofar ganuwa aka buga ƙararrawar sha ɗaya.

"Sun fara, Oga."

"Su fara da wa? Ni ne mai jawabi. Su jira."

Na bi da shi ta lungun majami'ar farko da muka tarar, na ce a nan akwai famfo. Akwai kuwa. Ya sha, ya wanke fuska, ya zauna a dakali ya zare takalmi ɗaya. Dunduniyar ta yi bororo ta fashe, safar ta manne. Da ya zo mayarwa sai da ya ciji leɓe.

"Saura nawa?"

Na ciro littafina na buɗe a gabansa, na bi layi da yatsa. Ya miƙo wuya ya duba. Bai iya karanta ko harafi ɗaya ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce akwai gidan sarauta a gaba."

Akwai, amma ba namu ba. Wancan an mayar da shi ɗakin karatu. Ya shiga da ɗingishi yana gyara wuyan riga, ya tarar da tsofaffi sun duƙufa kan littattafai. Ya yi musu Turanci, wata mata mai tabarau ta ɗora yatsa a baki ta nuna masa ƙofa.

Da ya fito ya fara zagina. Ya ce mini baƙauye, ya ce jahili, ya ce in mun koma sai na koma sharar auduga. A daidai lokacin nan ɗakin taron yana bayanmu, ƙetaren fili ɗaya, ina hango tutocin ƙofarsa ta kan kafaɗarsa. Da ya yi shiru, da na juya shi. Na riga na ga abin da nake son gani. Amma da ya sake cewa jahili, sai na ce, "Mu yanke ta cikin nan, Oga, ta fi sanyi."

Na shigar da shi majami'ar zakuna ta ƙofa ɗaya, muka ratsa ƙarƙashin rufin zinariyar nan bai ko ɗaga kai ba, muka fita ta ɗaya ƙofar, wadda ke kallon wata unguwa daban. Daga can na gangara da shi zuwa wata ƙaramar majami'a a gindin ganuwa, mai tsofaffin zane a bango duk sun koɗe, na sake hawowa da shi. A nan ne ya cire takalman duka biyu ya riƙe a hannu. Yara 'yan makaranta suka tsaya suna kallonsa.

Sha biyu ta wuce muka isa. An tashi. Ana tsaye a tsakar gida da kofuna a hannu, kowa da takardarsa a naɗe. Darakta ya dubi agogonsa, ya dubi safar foman. Ashe ko minti ɗaya ba su jira ba. Da aka kira mai jawabi babu shi, abokina ne ya miƙe ya yi, aka tafa masa. Ya matso kusa da ni ya ce a kunnena, "Malam, ka ji tsoron Allah." Na ce, "Ina ji."

Da za mu sauka, injiniya ya ja mu duka zuwa tarago. Muka shiga, aka rufe, muka gangara. Foman yana zaune a gabana, takalma a cinya. Da ƙofa ta buɗe ya ga masaukinmu ga shi nan kusa, sai ya juyo ya dube ni. Ban kau da kai ba.

Mun dawo Kaduna, aka ba abokina sashen, ya tare a Barnawa. Foman ya koma tsohon ɗakin injuna. Ni ma ban samu komai ba sai bayan shekara biyu.

Da azumi ya zo abin ya riƙa damuna, na kai wa malaminmu na Makera. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wanda aka zalunta yana da damar ramawa daidai abin da aka yi masa, abin da ya ɗora a kai kuwa nasa ne, sai ya nemi gafara. Ya ce in auna da kaina.

Na auna. Matakala hakkina ce. Ɗakin karatu ma hakkina ne, don a gaban mutane ya kunyata ni. Majami'u biyun ƙarshe su ne ƙari.

Na hau keke ran wata Asabar na je gidansa a Unguwar Boro. Na same shi a ƙofar gida yana jin rediyo. Na yi sallama na durƙusa.

"Alhaji, na zo neman gafara. Amma ta majami'u biyun ƙarshe kawai."

"Sauran fa?"

"Sauran ba na nema."

Ya kashe rediyon, ya ce in tashi in bar masa ƙofar gida kafin ya tara mini jama'a. Na tashi, na karkaɗe gwiwa, na hau kekena.