Ranar da Suruki Ya Riƙe Sifana

Wata rana, a wani gida a Kaduna, miji da mata suna faɗa a kicin. Faɗa na gaske, amma da raɗa.

"Ki je ki faɗa masa, ai babanki ne."

"Ni 'yar fari? Yaushe ka taɓa ganin na haɗa ido da Baba? Kifinka ne, ka je da kanka."

Ga abin da ya haɗa su.

Mijin, Mudassir, yana da akwatin kifi na gilashi a falo, ƙato, ya kusa tsawon doguwar kujera. Kifaye jajaye da masu ruwan gwal. A cikinsu akwai wani rusheshe da ya rena tun yana kamar ɗan yatsa. Ciyaman yake ce masa, don ba ya motsi sai an zuba abinci.

A ƙasan akwatin akwai bututun roba mai kai ruwa wurin injin tacewa. Daidai inda ake murɗa shi ya shiga, nan yake ɗiga.

Ɗis.

Sai a jima.

Ɗis.

Mudassir ya san gyaran sarai. A kwashe kifin, a sauke ruwa, a kwance mahaɗin, a goge haƙoransa, a naɗa farin tef na masu gyaran famfo ta ɓangaren da ake ɗaurewa, sannan a mayar da hannu. Da hannu kawai. Roba ce, ba ta son ƙarfi. Asabar yake jira ya yi abinsa a natse.

Sai ga surukinsa, Alhaji Barau, ya zo ganin jika.

Shi kuwa Alhaji Barau a ƙarƙashin manyan motoci ya ƙare ƙuruciyarsa. A wurinsa, duk abin da ke yoyo a duniya bai sha ɗauri ba ne. Ko gaisuwa ba a gama ba idonsa ya sauka kan kwanon da aka tara wa ɗigar. Ya naɗe hannun babbar riga, ya fita ya ɗauko sifana a motarsa, ya durƙusa.

Shi ya sa masu gida suka tsere kicin.

Matar, Naja'atu, ta ce ita iyakarta kai ruwa da tabarma. Ta tura shi ta baya.

Mudassir ya fito da jawabinsa a shirye, har ya maimaita shi a zuci. Yana isa gaban tsohon, gwiwarsa ta kai ƙasa da kanta. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne sannu da aiki.

Alhaji ya amsa da nishi, ya ƙara murɗawa.

Mudassir ya ce ga shayi yana hucewa. Alhaji ya ce ya huce. Ya ce kamar la'asar ta kusa. Alhaji ya ce da alwalarsa. Ya ce jaririn ya farka. Alhaji ya ce jariri ba ya gudu.

Robar ta fara wani ɗan kuka, irin na sabon takalmi. Mudassir ya san kukan nan. Ya dubi Ciyaman, Ciyaman ya dube shi. Ya tattaro ƙarfin halinsa duka.

"Baba... ko a bar shi haka?"

"Ni da na ɗaure tayar tirela? Haska min nan."

Ya haska.

E, da hannunsa ya kunna fitilar wayarsa, ya gyara mata zama, don Baba ya ga wurin da kyau.

Ƙas.

Mahaɗin ya rabe biyu. Ruwa ya yi tsartuwa kamar an buɗe famfon unguwa, ya wanke Alhaji tun daga hula har takalmi. Kafet ya sha, kujeru suka sha, har ƙarƙashin talabijin.

Naja'atu ta fito a guje da tukunyar miya da bahon wankan jariri. Mudassir ya zura hannu yana kamo kifi yana salati. Ƙananan duk an tsira da su. Ciyaman kuwa, da bai saba gaggawa ba, ya maƙale bayan dutsen ado. Kafin a zaƙulo shi ya daina motsi.

Mudassir ya tsaya da shi a tafin hannu.

Alhaji Barau ya miƙe a hankali, ruwa na zuba daga gemunsa. Ya leƙa akwatin da babu ko ɗigon ruwa a ciki, ya shafa ƙasan bututun da yatsa, ya duba yatsan.

"To, alhamdulillahi. Ɗigar dai ta tsaya."



Darasi: Girmama babba wajibi ne, amma ba ladabi ba ne ka ga zai yi ɓarna ka haska masa fitila. Ka durƙusa, ka sunkuyar da kai, ka sassauta murya, sannan ka faɗi gaskiyar ƙarara: Baba, roba ce, za ta fashe. Kunyar da ka ji tsoro ba ta kai wadda za ku sha tare ba.

Ku tura wa duk mai suruki da ke yawo da sifana a mota.