Jamhuriyar Tukunyar Juma'a

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da wake ranar Juma'a a bayan garejin nan na Sana'iyya, unguwar masana'antu ta Doha, ya san Baba Abass, amma da wuya ka sami wanda zai ce maka yana ƙaunarsa. Ɗan Zangon Kumasi ne, mai gyaran jikin mota, shekara goma sha tara yana buga guduma a Doha. Shi ya fara ɗora tukunyar tun 'yan Zango ba su fi shida ba, har ta kai mutum arba'in na taruwa in an sauko daga masallaci. Dokar wurin ɗaya ce: mai riƙe da ludayi shi ne sarki. Shi ke raba nama, wurinsa ake fara kai baƙo gaisuwa kafin ya ajiye jaka. Baba Abass ba shi da mata, ba shi da ko bulo ɗaya a Kumasi. Ludayin ƙarfen nan da aka ɗaure mariƙinsa da waya shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma bai taɓa barin hannunsa ba.

Mutumin nan bai yi nisa a boko ba, sai dai Allah ya jarrabe shi da son tarihin Rumawa. Yini yake da abin saurare a kunne yana bin darussan wani malami a waya. In ya tsare ka da labari, ka shiga uku. Zai gaya maka yadda Rumawa suka kori sarkinsu na ƙarshe suka rantse ba su ƙara naɗa wani, yadda suke zaɓen shugabanni biyu duk shekara, kowanne na iya taka wa ɗan'uwansa birki da kalma ɗaya, da yadda suke raba kan abokan gaba kafin su kai musu yaƙi. Wannan na ƙarshen ya fi yi masa daɗi a baki.

Rigima ta taso ne daga Sherif, ɗan Nima ta Akra, mai lodin kaya a filin jirgi. Wata Juma'a ya ɗaga wuyan kaza sama, ya tambayi jama'a ko kajin Doha da wuya kaɗai ake halittarsu, tunda 'yan Akra ba su taɓa ganin cinya ba. Gaskiya ya faɗa, cinya ta 'yan Kumasi ce tun da can. Baba Abass ya ji ƙiyayyar Sherif ta cika masa ciki, ya kuma gane in bai yi dabara ba za a ƙwace ludayin a gaban kowa.

Sai ya riga su. Mako na gaba ya miƙe ya ce ya gaji, sarauta ta ƙare, jamhuriya za a yi irin ta Rumawa. Shugabanni biyu: Sherif daga Akra, da Sunusi mai walda daga Kumasi, mutum mai taurin kai kamar ƙusa. Ludayi yau wurin wannan, mako mai zuwa wurin wancan, kuma duk wanda ya ce "na hana" to magana ta mutu. Aka yi ta tafi. Shi kuwa yana dariya a ciki, don ya san ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Haka kuwa aka yi. Sherif ya ce kifi, Sunusi ya ce ya hana. Sunusi ya ce a ƙara yaji, Sherif ya ce ya hana. Baba Abass yana zaune kan tsohuwar taya, ya raɗa wa wannan cewa wancan ya kira shi ɗan dako, ya koma ya raɗa wa wancan wata. Tsakani kuma yana ta maimaita labari ɗaya: wai in Ruma ta shiga tsaka mai wuya, sai su je su ɗauko wani dattijo manomi daga bakin garma su damƙa masa mulki duka, ya gyara gari, sannan ya koma gonarsa. Ko makaho ya ga dattijon da yake nufi.

Wata biyu suka wuce ba wanda ya zo roƙonsa. Tukunya na dahuwa duk da faɗan, wani lokaci da gishiri, wani lokaci babu. Haƙurinsa ya ƙare. Ya ce a ransa, tunda masifar ta ƙi zuwa, bari ya kira ta. Ranar Juma'a da safe ya ja tulun gas ya kai ɗakin ajiyar fenti ya kulle, ya jefa makulli a aljihu ya tafi masallaci.

Aka sauko cikin ranar nan ta watan Yuli, mutum arba'in, wasu tun daga unguwar Bin Omran mai nisa, wasu ko karyawa ba su yi ba don sun dogara da tukunyar. Suka tarar da shinkafa jiƙe a roba, kaji sun saki ruwa. Baba Abass ya gyara zama kan tayarsa yana jiran a zo a ce ya cece su. Abin da ya manta, a duk garejin shi kaɗai ke da makullin ɗakin fenti, kuma tulun ya bar sawu a kan yashi tiryan-tiryan har bakin ƙofa. Sunusi ya bi sawun da ido, ya dubi Sherif. Sunusi ya ɗauko ƙarfe ya fasa kwaɗon, su biyu suka kinkimo tulun tare.

Sai la'asar aka ci abinci. Kafin a fara rabo Sherif ya tsaya da ludayi a hannu.

"Baba, kai ka koya mana cewa in maƙiyi ya iso bakin ƙofa, Rumawa kan ajiye faɗan cikin gida. Mun ajiye. Dattijon nan naka kuma, in ya gama aikinsa, gonarsa yake komawa. Ka koma taka."

Baba Abass ya juya wurin Sunusi, ɗan garinsu, wanda shi Baba Abass ɗin ne ya tarbe shi ranar da ya sauka Doha. Kalma ɗaya yake jira, kalmar da shi da kansa ya ba shi. Sunusi ya sunkuya yana goge faranti.

"Sunusi, ba za ka hana ba?"

"Ban hana ba, Baba."

Ba wanda ya kore shi, su ma ba su da wannan zuciyar. Har yau yana zuwa duk Juma'a, don ba shi da gonar da zai koma. Yana bin layi da farantinsa a bayan mutanen da shi ya fara ciyarwa, baƙi suna wuce shi ba su san ko shi wane ne ba. In layi ya zo kansa, Sherif kan laluba tukunya a hankali ya zaɓo masa cinya. Ya karɓa da hannu biyu, ya koma kan tayarsa, kuma wallahi da wuyan aka ba shi da ya fi masa sauƙin haɗiya.